Albasata da Anten ɗin Malam

Maigidana ya yi shekara talatin da wani abu yana gyaran na'urori a gidan waya, ni kuma ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, nan Madarumfa. Da ya yi ritaya sai na ce alhamdu lillahi, yanzu zan samu mutum a gida. Ina! Rabin mutum na samu. Ɗaya rabin yana cikin wani baƙin akwatin ƙarfe da ya girke a ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure, ya sa masa tebur da kujera, ya hana kowa sharewa sai shi.

Rediyo ce, amma ba irin wadda ake kunnawa a ji labarai ba. Wannan kana ji, kana kuma magana a ji ka. Ashe akwai mutane warwatse a duniya masu wannan sha'awa, kowa da akwatinsa a ɗakinsa, suna kiran juna ta iska ba tare da layin kowa ba. Wani Bature da ya yi aikin noman rani a yankinmu shi ya fara nuna wa Malam, da zai koma gida ya bar masa akwatin. Malam ya tafi har Yamai ya samo takardar izini, aka ba shi sunan kira, wasu haruffa da lamba a tsakiya, wanda duk duniya babu mai irinsa sai shi. Wannan takarda tana cikin gilashi a bango, sama da hoton aurenmu.

Na taɓa tambayarsa, “To in kun samu juna, me kuke cewa?”

Ya ce, “Ya faɗi sunan kiransa, in faɗi nawa. Ya gaya mini yadda yake ji na, in gaya masa yadda nake jin sa. Wani lokaci mu taɓa zancen ruwa da zafi.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Madam.”

Madam yake ce mini tun ina aiki, kamar yadda iyayen yara ke faɗa, kuma in ya faɗa akwai 'yar tsokana a ciki. Na ce masa wallahi ko gaisuwar bakin rijiya ta fi wannan tsawo. Ya yi dariya ya ce ai ba maganar ba ce abin, isarta can ita ce abin.

Isar kuwa aikin anten ne, abin da mutanen Najeriya ke ce wa eriya. A nan ne na san wanda na aura. Malam bai taɓa sayen anten a kanti ba. Tsohuwar wayar tagulla yake tsintowa wajen masu gyaran injin ban ruwa, ya zauna ƙarƙashin dogon yaro ya warware ta, ya miƙar da ita da ɗan itace har ta yi sumul. Guntun bututun roba ya yanka ya huda, wuyan kwalba ya goge, duk su zama abin riƙe waya. Sai ya ɗaure baki ɗaya a reshen dogon yaro, ɗaya a sandar itacen turare bayan ɗakin girki, ya koma ciki ya duba wata 'yar allura mai rawa a cikin akwati, ya fito ya sauke, ya rage, ya sake ɗaurawa. Yana iya yin wuni a haka bai ce uffan ba. Ni da nake faɗa da allura in zare ya ƙi shiga sau biyu, sai in tsaya bakin ƙofa ina kallon hannuwan nan nasa, raina yana ɓaci kuma yana burge ni a lokaci guda.

Da wannan tarkacen, wanda ko mai gwangwan ba zai yi dogon ciniki a kansa ba, ya yi magana da Barazil. Ya yi magana da Japan, da wani likita a ƙasar ƙanƙara, da wani manomi a Ajantina da ya ce shi ma gyaɗa yake nomawa. Bayan wata biyu ko uku sai ka ga kati ya zo ta gidan waya, da hoton dutse ko jirgin ruwa, shaidar cewa an ji juna. 'Yarmu ta sha ce masa, “Baba, ga salula, ka danna kawai ka ga mutum har fuskarsa.” Shi kuwa sai ya ce mata wanda ya sayi kifi a kasuwa da wanda ya kama a tabki duk sun ci kifi, amma ɗaya ne kawai ke da labari.

Kunnensa ya fara ja da baya sannu a hankali, har ban lura da wuri ba. Na ɗauka halin maza ne na jin abin da suka ga dama. Sai da na ga ana sallama a zaure sau uku yana zaune bai ɗago ba, sai da na ga jikarmu tana masa magana yana kallon bakinta yana murmushin da bai dace da zancen ba, sannan gabana ya faɗi. Na tasa shi gaba muka tafi Maraɗi. Likita ya gwada, ya sake gwadawa, ya ce mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa, kuma ba abin da zai tsayar da shi. Shekara guda, in Allah ya yi jinkiri biyu.

A mota muna dawowa ina ta share hawaye da bakin mayafi, ina tunanin yadda zai yi da kiran salla da muryar jikoki. Shi yana kallon gonaki ta taga. Sai da muka hango ruwan tabkin garinmu sannan ya juyo ya ce, “Saura tsibirin.”

Na san tsibirin. Wata rana ya ɗauki ƙwallon taswirar duniya da na taho da shi daga aji, ya ɗora yatsa ɗaya kan Nijar, ya zagaya da ɗaya hannun ya ɗora yatsa a daidai bayansa. Teku ce zalla a wurin, sai wasu ɗigo-ɗigo. Ya ce da za a haƙa rijiya a tsakar gidanmu a yi ta tafiya ba tsayawa, kusa da ɗigon nan za a ɓullo. Babu wurin da ya fi shi nisa da Madarumfa a bayan ƙasa. Wani abokin rediyonsa na Japan ya gaya masa akwai wani dattijo a can mai irin akwatinsu, yana hawa iska da yammacinsu. Yammacinsu kuwa shi ne asubarmu: sa'ad da rana ke leƙowa nan, can tana faɗuwa. A ɗan tsakanin nan, abin da bai fi a dama koko a sha ba, hanyar iska tsakaninmu da su kan buɗe, kuma ba kullum ba, sai wajen ƙarshen ɗari. Shekara huɗu Malam yana farautar dattijon nan bai samu ba. Yanzu kuma likita ya yanka masa wa'adi.

Daga ranar na shiga aikin. Ya haɗa akwatin yadda sauti zai fita ta abin da yake sawa a kunne, ya kuma fita ta lasifika don ni ma in ji. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba sai in ɗauko tabarma in zauna gefensa. Ban iya Turancin Ingilishi ba, Faransanci na koyar, amma shekara da shekaru ina jin sunan kiransa ta bango, ko cikin barci aka faɗa zan gane. Ya kuma koya mini lambobin da suke ba juna. Guda biyu ne: ta farko daga ɗaya zuwa biyar, yadda maganar ke fita sarai, ta biyu daga ɗaya zuwa tara, ƙarfinta.

Wata Talata, gari ya fara haske, yana ta kira yana saurare, sai na ji wani abu can ƙarƙashin shuuu ɗin nan. Murya ce ta tsoho, siririya, tana zuwa tana komawa. Ta faɗi haruffan Malam ɗaya bayan ɗaya. Na daki kafaɗarsa na ce, “Ga shi nan! Malam, ga shi nan, ya amsa!”

Ya danna abin kunnen da tafin hannu, ya runtse ido, ya murɗa wani maɓalli. Muryar ta sake zuwa, wannan karon da lamba. Na ɗaga masa yatsu a gaban fuska, huɗu a hannun dama, uku a na hagu. “Huɗu da uku ya ba ka! Amsa masa mana!”

Ya dubi yatsuna. Ya ɗauki biro, ya kai shi kan littafin da yake rubuta waɗanda ya samu, ya tsaya. Sannan ya ajiye biron, ya ɗauki mikro, abin maganar, ya yi magana a hankali da Turancinsa. Daga baya na tambaye shi me ya ce. Cewa ya yi, “Wanda ke kira na, yi haƙuri, ban ji ka ba. Sai wani jiƙon.” Bai daɗe ba rana ta fito, hanya ta rufe.

Ranar na yi masifa, ba zan ɓoye ba. Na ce, “Shekara huɗu! Mutum ya taso daga bayan duniya ya yi maka sallama, ka ce masa ba ka gida? Ni da na ji, kunnen jaki ne da ni?”

“Ke kika ji, Madam. Ni ban ji ba.”

“To mene ne bambancin? Wa zai sani?”

“Ni zan sani.” Ya cire abin kunnen ya rataye. “Ƙa'idar ita ce in ji sunansa da lambarsa da kunnena, shi ma ya ji nawa da nasa. In na maimaita abin da kika nuna mini da yatsu, ke kika yi magana da shi. Ke kuma ba ki da takardar izini.”

Har da tsokana, kun ji. Na fice na bar masa ɗakin, na je na huce a kan tukwane. Amma ina wanke-wanke ina jin wani abu yana kumbura a ƙirjina wanda ba fushi ba ne. Na koyar da yara shekara talatin, na san yadda ɗan Adam yake da satar amsa in ya ga ba mai kallo. Ga mutum an miƙa masa abin da ya fi so a duniya, ba mai kallo sai matarsa, matar ma ita ke tura shi, ya mayar da hannu aljihu. Na ji kunyar kaina, kuma na ji ina alfahari da shi har wuya.

Bayan kwana biyu ya bayyana mini inda matsalar take. Gari ya cika da ƙara wadda kunne ba ya ji amma rediyo na ji: injin niƙa, babura, na'urorin cajin salula, fitilun sola na kowane gida. Duk wannan shuuu ɗin ne ke danne murya mai rauni. Da a ce zai samu wuri nesa da gidaje, mai jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ruwa shimfiɗe a gabansa, da sai ya kafa anten a tsaye, muryar ta ƙara ƙarfi ƙarar kuma ta ragu. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Ya sake faɗa washegari yana kallon rufi. Bai ce komai game da lambuna ba, ni kuma na yi kamar ban gane ba.

Lambun nan na bakin tabki gadon mahaifiyata ne. Tun da na bar aji shi ne ajina. A shekarar albasa na zuba, ta yi kyau irin wanda mata ke tsayawa a bakin shinge suna cewa ma sha Allah, kuma saura wata guda ta ƙosa. Abin da Malam ke bukata shi ne fangalin da ya fi kowane laima, na can ƙasa dab da ruwa, a kafa sanda a tsakiyarsa, a shimfiɗa wayoyi goma sha shida a ƙasa su fita ta kowane gefe, kowace taku bakwai. Wato zuciyar lambun ke nan. Wata guda kuwa ba shi da ita, don hanyar tsibirin saura mako biyu ta rufe sai baɗi, kuma baɗi ba mu san kunnen da za a kai ba.

Kwana uku ina jira ya roƙa don in samu abin faɗa. Bai roƙa ba. A rana ta huɗu na tashi da sassafe na tafi lambu ni kaɗai, na tuge albasar fangali huɗu da hannuna, ƙananan kawuna kamar ƙwan zabi. Ina tugewa ina zagin rediyo da wanda ya ƙirƙiro ta da Baturen da ya kawo ta. Na dawo gida da lawashi cike da kwando na dire a gabansa na ce, “Ga filinka. Kuma ka sani miyar lawashi za ka ci har ka gaji.” Ya dubi kwandon ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Na ce ya bar ni da daɗin baki ya je ya nemo amalanke.

Muka kwashi sandar turare doguwa, da wayoyi, da batirin mota, da akwatin a naɗe cikin bargo. Wani masunci maƙwabcin lambuna ya tsaya da koma a kafaɗa yana kallon Malam yana jan wayoyi cikin laka, ya ce, “Malam, kifin sama za a kama?” Malam bai ji ba, ni na amsa na ce e, kuma in an kama ba za a ba shi ko ƙaya ba.

Sai aka zo wajen daidaita tsawon wayar da ke tsaye jikin sandar, a nan ne na tafka ta'asa. Da gangan Malam ya yanke ta da ɗan tsawo, don a riƙa ragewa har allurar nan ta kwanta inda ake so. Yadda yake yi shi ne a kwantar da sanda, ya datse faɗin yatsa ɗaya da filaya, a tayar da sanda, a ɗaure igiyoyi uku, ya je ya duba allura. Sannan a sake kwance igiyoyi, a kwantar, a datse yatsa ɗaya. Ni ce mai riƙe igiya. Sau bakwai muka yi haka, rana ta take, bayana kamar zai tsinke. Aka kira azahar ya tafi alwala bakin ruwa ya bar sandar a kwance.

Na zauna na yi lissafi a ƙasa da tsinke. Kowane yatsa ɗaya yana matsar da allura kaza, abin da ya rage kaza ne, a raba: yatsa tara. Lissafin da ɗan aji huɗu zai yi. Na ce me zai sa mu tayar da sandar nan sau tara kamar marasa ilimi? Na ɗauki filaya na auna yatsa tara na datse gaba ɗaya, na zauna ina jiran yabo.

Ya dawo muka tayar. Ya duba allura, ya daɗe yana dubawa. Allurar ta wuce inda ake so ta haye can ɗaya gefen. Ya zagayo ya ga guntun wayar a ƙasa, ya ga rubutuna a gefensa, ya tsuguna ya karanta har ƙarshe.

“Madam, kin yi lissafi.”

“Na yi.”

“Lissafinki daidai ne. Ƙasar ce ba ta shiga lakwal ba.” Ya ce laimar wurin, da sandar, da shingen, kowanne yana jan allurar ta nasa gefen, kuma in an matso kusa sai ta riƙa gudu fiye da yadda ta fara. Shi ya sa ake tafiya da yatsa ɗaya. Abin da aka rage ana iya ƙara ragewa, wanda aka datse kuwa sai an yi ƙari.

Da ya yi faɗa da na samu sauƙi, don na iya ramawa. Bai yi ba. Ya koma gida a ƙasa ya ɗauko dalma da ƙarfen liƙi, ya hura gawayi a bakin fangali, ya kankare bakin wayoyin biyu har suka yi ja, ya murɗe su ya liƙe. Kafin ya gama magariba ta yi. Washegari muka sake farawa daga yatsa ɗaya, asuba biyu suka tafi a banza saboda ni, cikin 'yan kwanakin da suka rage masa. Sau goma sha ɗaya na riƙe igiya a ranar, ban yi ko tari ba.

Daga nan kullum muna idar da sallar asuba sai mu kama hanyar tabki, shi da akwati a ka, ni da tabarma da butar shayi. Bambancin wurin ko ni na ji shi. Shuuu ɗin ya kwanta, muryoyin Turai suna shigowa tamkar daga bayan shinge. Amma tsibirin shiru. Kwana ɗaya, biyu, har biyar. Ina ban ruwa ina tsallake wayoyi, ina kallon ramukan da albasata ta bari, ina cewa a raina in dai a banza na tuge ta, to za a ji mu.

A rana ta shida, kafin ya kunna, ya ce, “Yau ki juya mini baya.”

Na ce, “Laifin me na yi kuma?”

“Fuskarki ba ta iya ɓoye komai. In ya amsa zan gani a idonki kafin in ji, daga nan ba zan san ko na ji ba ne ko na gani. Amma kada ki yi nisa. Kunnen da ya lalace yakan ƙirƙiro abin da mai shi ke so. In na faɗi abin da ba shi aka faɗa ba, ke ce shaida.”

Na juya na fuskanci ruwa. Gabas ta fara ja, masunta biyu suna tura kwalekwale, sanyi yana shiga ta ƙasan zane. A bayana Malam yana kira, ya yi shiru, ya sake kira. Can sai ga ta. Muryar tsohon nan ce, na gane ta, ta fi ta rannan kauri amma har yanzu tana lilo. Ta faɗi haruffan Malam, ta faɗi nata, ta ba da lamba: biyar da huɗu.

Bayana shiru. Na cusa bakin mayafi a baki na cije. Muryar ta sake faɗa, biyar da huɗu, ta jira. Shiru. Rana ta fara fito da goshi a bayan itatuwan ƙetare, na san in ta gama fitowa an gama. Wallahi ban taɓa yaƙi da jikina irin na wannan lokaci ba. Wuyana yana son juyawa, hannuna yana son tashi da yatsu, na danne shi a ƙarƙashin cinya ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai na ji Malam ya danna mikro. Ya faɗi haruffan tsohon, duka, daidai. Sannan ya ce, da alamar tambaya a muryarsa, “Huɗu da huɗu?”

Kuskure. Na rufe ido, hawaye suka zubo. Amma tsohon can, Allah ya saka masa da alheri ko wane ne shi, ya san aikinsa. Ya ce a'a, a'a. Sai ya fara ƙirgawa a hankali kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya tsaya. Ya sake: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

“Biyar!” in ji Malam, da ƙarfin da sai da tsuntsaye suka tashi daga cikin ciyawa. “Biyar da huɗu! Na ji ka, na ji ka!” Ya ba shi tasa lambar, tsohon ya maimaita, suka yi godiya, suka yi sallama. Duka-duka bai kai a ɗaura zane ba. Muryar ta nutse, rana ta fito.

Na juyo. Yana zaune a kan ƙasa jiƙaƙƙiya, hularsa ta karkace, biro a hannunsa. Ya dube ni ya ce, “Shaida?” Na gyaɗa kai. Sai da na gyaɗa sannan ya rubuta.

Damina biyu ba ta cika ba kunnen dama ya bi na hagu. Yau ko an buga ganga a bayansa sai dai ya ji a ƙirji, da rubutu da hannu muke zance. Shi ya sa abin da ya biyo baya a safiyar nan nake riƙe da shi fiye da tsibirin.

Na fara naɗe tabarma ina gunaguni don in ɓoye kukana, ina cewa mutum ya ji tsohon bayan duniya amma matarsa da ke gabansa sai ta yi ihu sau uku. Ya ga bakina yana motsi. Ya ce, “Zo nan.” Ya taɓa wani maɓalli, ya rage wani, ya murɗa na ƙara har ƙarshe, ya miƙo mini mikro. Ya ce wannan ba ya fita ko'ina, daga bakina sai cikin abin kunnensa, da shi suke gwada muryarsu. “Yi magana.”

Na riƙe abin nan ina jujjuya shi. Daga ƙarshe na ce, “Malam, shayin ya huce.”

Ya runtse ido. Ya daɗe a haka, har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya buɗe ya dube ni kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya, ya ce, “Ashe muryarki ta tsufa.”

Sai a lokacin na gane tun yaushe rabonsa da ita. Shekaru yana karanta bakina yana ɗora mini muryar da ya sani tun ina amarya, bai taɓa gaya mini ba. Na ce, “Taka fa, ka ɗauka ta saurayi ce?” Ya yi dariya har da tari, ya ce in ci gaba, in faɗi ko mene ne. Na gyara zama a kan laka na ba shi labarin albasa, da farashin tumatir, da rashin kunyar akuyar maƙwabta, da duk abin da na tara masa. Yana riƙe da abin kunnen da hannu biyu yana gyaɗa kai, har batirin ya mutu wajen hantsi.